Wa Ke Mulkin Dawa? Ikon Allah a Jikin Namun Daji

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin wannan shiri namu na faɗakarwa. Ina gai da iyayenmu maza da mata. Ina gai da manomin da ya dawo gida ya jingine fartanya, da makiyayin da ke rataye da rediyo a kafaɗa, da direban da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Yau ba a gari za mu zauna ba, dawa za mu shiga.

Bari in soma da tambaya. Akuyar da ke ɗaure a turke a gidanka, kai ke ba ta dusa da harawa, kai ke ba ta ruwa, in ka yini ba ka leƙa ta ba har maƙwabta sai sun ji kukanta. Shi ya sa mutum kan ruɗu ya zaci shi ke riƙe da ranta. To, giwar Yankari fa, wa ke yanko mata harawa? Wa ke kai wa ɓauna ruwa a tsakiyar bazara? Wa ya karɓi haihuwar barewa daren jiya? Ba su da rumbu, ba su da likita, ba su da ungozoma, amma ga su nan suna ci, suna sha, suna hayayyafa tun kafin kakanninmu su sari gona ta farko. Ta nan namun daji suka fi dabbar gida saurin farkar da mutum. Hannun ɗan Adam ba ya tsakani, balle ya bugi ƙirji ya ce aikinsa ne.

Alƙur'ani mai girma ya sha jawo hankalinmu ga wannan fage. Akwai surorin da sunan dabbobi da ƙwari suka ɗauka: Baƙara, An'am, Nahli, Namli, Ankabut da Fil. A Suratul An'am an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye su ma al'ummomi ne, a Suratu Hud kuma an nuna mana cewa arzikin kowannensu Allah ne ya ɗauke shi. 'Yan'uwanmu Kirista da ke sauraro za su tuna Littafin Ayuba, daga babi na 38 zuwa na 41, inda amsar da Ayuba ya samu a kan ƙuncinsa ta zo da jerin tambayoyi game da zaki, da hankaka, da jakin dawa, da jimina, da gaggafa. Malaman da ma ba su raina wannan ilimi ba. Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 869, ya rubuta Kitabul Hayawan, Damiri na Masar kuma, wanda ya rasu a 1405, ya bar mana Hayatul Hayawan, littafin da malaman zaure suka san shi sarai. Saboda haka mai tsayawa ya ƙare wa dabba kallo ba zaman banza yake yi ba.

Mu fara da babba, tunda an ce sawun giwa ya take na raƙumi.

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma in rani ya yi nisa, ruwa ya janye a sauran wurare, nan dabbobi ke taruwa. Wanda Allah ya ba sa'a ya fita zagaye da sassafe ya yi kiciɓis da garken giwaye zai gaya maka yadda abin yake. Mai rakiya zai ɗaga hannu, direba ya kashe mota, kowa ya yi tsit. Kafin ka ga komai sai ka ji ƙarar reshe ya karye, ƙas, sannan wari ya bugo ka. Can sai kurmi ya buɗe, uwar garke ta fito. Abin da ke fara ɗaure wa mutum kai shi ne ba a jin takunta, domin a ƙarƙashin tafin ƙafarta an shimfiɗa mata kitse mai laushi da ke shanye nauyin. Ta tsaya, ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iska, ɗanta na leƙe ta ƙarƙashin cikinta. A wannan lokaci babu mai koya maka tasbihi, da kansa yake fitowa.

Toron giwa kan kai kilo 6,000, wato buhun masara mai kilo 100 har guda 60. A rana guda giwa na iya cin ganye da ciyawa da ɓawon itace kilo 150, ta sha ruwa fiye da lita 100. Hancin nan nata babu ƙashi ko ɗaya a ciki, tsoka ce zalla dubbai a jere, kuma da shi take tumɓuke itace, da shi take tsintar ƙwayar gyaɗa guda a ƙasa. Cikinta wata 22 ne, babu dabba mai shayarwa da ta kai ta daɗewa da ciki, ɗan da za ta haifa kuma ya kan kai kilo 100. Tsohuwar mace ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, don ta taɓa bin uwarta can tana ƙarama. In ta tarar da rafi ya ƙafe sai ta haƙa yashi da ƙafa da haure har ruwa ya tsattsafo. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. In ta sha ta wuce, gadu da gwanki da tsuntsaye su zo su sha a rijiyar da ba su haƙa ba. 'Ya'yan aduwa da na giginya da ta haɗiye kuma ta kan zubar da ƙwallonsu cikin kashinta a wani wuri mai nisa, su tsiro da takinsu. Ita cikinta kawai take yi wa hidima, ba ta san an ɗora mata aikin haƙa rijiya da dashen itatuwa ba.

Amma mai sauraro, ba ƙarfin giwa ne ya fi tsaya mini a rai ba. Bakinta ne. Ni da kai sau biyu muke yin haƙora, na yarinta su zube, na girma su fito. Giwa sau shida ake ba ta haƙoran tauna. Sabo na tasowa daga can baya, yana turo tsoho gaba, tsohon ya side ya gutsuttsure ya faɗi. Haka har zubi na shida. Daga shi babu wani. In ta kai wajen shekara 60 na ƙarshen ya side, ga abinci a gabanta amma ba ta iya taunawa. Sai ta koma bakin fadama inda ciyawa ke da laushi, tana ramewa a hankali har ta kwanta. Zaki bai kashe ta ba, mashi bai same ta ba. Wanda ya ba ta ƙarfin karya kuka ya ƙidaya mata haƙora tun tana cikin uwarta, kuma duk ƙarfin nan ba zai ƙaro mata ko guda ba.

Wani abin kuma, giwa tsoron ƙudan zuma take yi. Fatar bayanta na da kauri, amma cikin hancinta da gefen idonta da bayan kunnenta ba su da shi, nan ƙudan ke nufa. A Kenya wata mai bincike, Lucy King, ta gwada ta ga ko ƙugin zuma aka kunna wa garke a na'ura sai ya watse. Daga nan manoma suka riƙa kewaye gonaki da amya a rataye jikin waya. Giwa ta taɓa wayar, amya ta girgiza, ƙuda ya fito, giwa ta juya. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa.

Mu Musulmi mun riga mun san wannan darasi daga Suratul Fil. Abrahata ya taso daga Yaman da runduna da giwa zai rushe Ka'aba, wajen shekarar 570, shekarar da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa giwar ta durƙushe. In an juya ta wata nahiya ta miƙe da sauri, in an fuskantar da ita Makka ta ƙi motsi, duka bai tashe ta ba. Aka gama da rundunar da tsuntsaye. Shekaru da yawa bayan haka, a hanyar Hudaibiyya, taguwar Annabi mai suna Ƙaswa ta durƙushe, sahabbai suka ce ta yi gardama, shi kuwa ya sanar da su cewa wanda ya tsare giwa ne ya tsare ta. Abrahata ya ɗauka akalar giwarsa na hannunsa, ashe aro aka ba shi.

To, sarkin dawa fa? Mu muka naɗa zaki sarauta a tatsuniya, kuma in ka ji rurinsa da dare, wanda kan kai nisan kilomita 8, ba za ka yi musun naɗin ba. Amma a leƙa fadar tasa. Yawancin farautar da zaki ke fita ba ta yin nasara. In an kai hari sau huɗu ko biyar, da ƙyar a kama ɗaya, kuma zakanya ce ke yin mafi yawan aikin. Ɓauna kan soke shi. Raƙumin dawa kan harbe shi da ƙafa ya karya masa muƙamuƙi, zakin da muƙamuƙinsa ya karye kuwa yunwa ce ajalinsa. Ko ƙayar beguwa ta shige masa dagi ta ruɓe, ta isa ta kwantar da shi. Mulkin namiji a kan garke bai cika wuce 'yan shekaru ba, sai samari su zo su kore shi, su karkashe 'ya'yansa ƙanana. Tsohon sarki ya koma yawo shi kaɗai, haƙarƙari a waje, kuraye na binsa a baya suna jiran ya faɗi. Duk mai riƙe da wata kujera, ta gari ce ko ta ofis ko ta cikin gida, ya kamata a ba shi labarin tsufan zaki.

(Ɗan taƙaitaccen hutu)

Jama'a barkanmu da dawowa. Ga wanda bai daɗe da kama mu ba, muna magana ne a kan alamomin ikon Allah a jikin namun daji. Yanzu sai mu tsallaka Jamhuriyar Nijar.

A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, masu hasken fata. A da irinsu sun bazu tun daga Senegal har Tafkin Chadi, har da arewacin Nijeriya. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a 1996 aka ƙirga guda 49 kacal suka rage a duniya. Gwamnati da mutanen karkara suka tashi tsaye, aka hana kashe su, yau sun haura 600. A 2018 har an ɗebi 8 an kai gandun Gadabeji don su sake kafa zuriya a can. Ba a cikin shinge suke ba. A gonakin mutane suke yawo, mai kiwo na korar shanunsa, mata na surfe, raƙumin dawa na wucewa ta bayan gari.

Ka dubi wuyan nan nasa mai kusan mita 2. Gaɓoɓin ƙashin da ke ciki 7 ne. Naka ma 7 ne, na ɓera ma 7 ne. Ƙira ɗaya ce, aka ja ta a nan, aka taƙaita ta a can, ka san maƙerin ɗaya ne. Sai dai dogon wuya da matsalarsa yake zuwa: yaya jini zai hau har ƙwaƙwalwa? Aka ba shi zuciya mai nauyin kilo 11, mai harba jini da ƙarfin da ya ninka na mutum sau biyu. Abin da likita zai kira hawan jini mai kisa a jikinka, shi ne lafiyar raƙumin dawa. To, in ya sunkuya shan ruwa fa, ai sai jinin ya kwararo ya fasa masa kai? Nan ma an riga an shirya. A jijiyoyin wuyansa akwai 'yan ƙofofi da ke hana jini komowa, a gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai saƙar ƙananan jijiyoyi da ke rage masa ƙarfi. Fatar ƙafafunsa a ɗame take tamau don kada jini ya taru a ƙasa. Duk da haka, ka gan shi a bakin ruwa: ya daɗe yana waige-waige, ya wage ƙafafun gaba, ya sunkuya da ƙyar, ya kurɓa, ya zabura ya ɗago. Dabbar da ta fi kowa tsawo a duniya sai ta rusuna kafin ta sha ruwa, kuma a wannan rusunawar ce ta fi rauni.

Abincinsa na rani kuma wani abin lura ne. Kowane manomi ya san halin gawo: damina na sauka ya kakkaɓe ganyensa, sauran itatuwa na bushewa shi kuma ya yi kore shar. Raƙuman Kure kan yi damina a kan tudu, rani na shigowa su gangaro kwarin Dallol Boso inda gawo yake, su sa dogon harshensu su zaro ganye daga tsakanin ƙaya. Da gawo na bin sahun sauran itatuwa, me za su ci a watan Maris? Wa ya saɓa wa gawo lokaci, ya kuma sanar da raƙumin dawa?

Kada wani ya ce shi bai taɓa zuwa Yankari ko Kure ba, don haka ba shi da abin kallo. Malam, ka gangara fadamar garinku. Wanda ya taɓa haƙar gaiwa da rani ya san abin da nake nufi. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, babu ɗigon ruwa, sai ka ga wata 'yar ƙofa a laka. Ka sa magirbi ka ɓanɓaro hoge, ka fasa, sai ga kifi a naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wata 'yar jaka mai kama da busasshen ganye wadda ta yi da yauƙin jikinta. Ka taɓa ta, ta motsa. Tana da rai. Gaiwa na da huhu, iska take shaƙa ta wannan 'yar ƙofa, har ma in ka danne babbar gaiwa a ƙarƙashin ruwa ka hana ta leƙowa, nutsewa za ta yi ta mutu, tana kifi. Wata da watanni tana kwance, ba ci ba sha, bugun zuciyarta ya ragu, tana rayuwa da tsokar jikinta. Abin da Hausawa suka daɗe da lura da shi ke nan da suke cewa gaiwa jikinta take ci. Ran da ruwan farko ya jiƙa laka, sai ta warware ta fita iyo. Wanda ke shakkar tashi bayan mutuwa, ban ce gaiwa hujja ce da za ta rufe masa baki ba, amma ya riƙe hogen nan a hannu ya yi tunani.

Shamuwa ma haka. Tana sauka kan tsamiyar ƙofar gari manomi ya fara gyaran gona. In kaka ta yi ta tashi, ta tsallaka tsakiyar Afirka har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe, ta ci damina a can tana kamun fara, ta komo. Ba ta tambayar kowa hanya.

Yanzu ga waɗanda muka raina. Kura dai ba ta da mai yabo: a tatsuniya ita ce sakarya, a dandali gardi ya sa mata takunkumi yana ja, ita da shan bugu shi da karɓar kuɗi. Alhali kura mai dabbare-dabbare gwanar farauta ce, mafi yawan abin da take ci ita ke kamawa, sau da yawa ma zaki ne ke yi mata ƙwace. Muƙamuƙinta na farfasa ƙashin da zaki ya bari, cikinta ya narkar da shi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat. Ungulu kuma an ba ta ciki mai tsamin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, ta ci abin da zai hallaka kare ko mutum ta tashi lafiya. Su ne masu sharar dawa, babu albashi.

In kana son sanin darajar ungulu, ka tambayi Indiya. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna Diclofenac. Saniya ta mutu da shi a jiki, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 cikin 'yan shekaru. Yanzu iyayena da kakannina masu sauraro, ku tuna mahautar garinku shekara 30 da suka wuce, yadda ungulaye ke jere a kan katanga har sai an kore su. Yau ina suke? An ce ungulu ba ta jewar banza, to rashin jewarta ma ba banza ba ne. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A 2020 an kashe kimanin 2,000 da guba a Gini Bisau, aka tarar da yawa an cire masu kai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, yaushe za ta mayar da gurbin?

Kan ungulu kuwa ina ake kai shi? Kasuwar 'yan magani. Nan ne nake son mu yi wa juna gaskiya. Mutum ya ga kwarjinin zaki, maimakon ya tuna wanda ya ba zaki kwarjini, sai ya tafi neman fatar goshinsa a ɗinka masa laya. Ya ga ungulu na hango mushe daga sama, sai ya sayi kanta wai don ya hango sa'a. A nemo man zaki, a nemo gashin kura, a nemo wutsiyar giwa. Wannan juya karatu ne a baibai. Da ƙarfin na zaki ne, da bai tsufa kuraye sun ci shi ba. Da sa'a na cikin kan ungulu, da ba ta ci gubar da aka sa mata ba. Fatar da ba ta tsare mai ita daga harsashi ba, yaya za ta tsare ka? Ga hatsari ga imani, ga ɓarna a bayan ƙasa, ga asarar kuɗi.

Na san akwai mai sauraro a ƙauyukan gefen Yankari da zai ce: malam, kana cikin ɗakin watsa shiri kana yabon giwa, ni kuwa a dare ɗaya ta tattake mini gonar da na yi wata huɗu ina wahala. Manomin Kure zai ce raƙumin dawa ya cinye masa wake, masunci a Ayoru ko Dadin Kowa zai ce dorina ta kife masa jirgi. Gaskiyarku ne, kuma ba a ce maku ku yi tasbihi ku kwana da yunwa ba. Shari'a ta halatta kare rai da dukiya, ta halatta farauta don ci. Haƙƙi ne a kan hukuma ta taimaka da hanyoyin kore dabba, ta kuma dubi wanda aka yi wa ɓarna da idon rahama, domin manomin da aka bari da hasara shi kaɗai ba zai ga aya a jikin giwa ba, abokiyar gaba zai gani. Abin da addini bai yarda da shi ba shi ne kisan banza. Hadisi ya zo cewa wanda ya kashe ko ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba za a tambaye shi. An kuma ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Annabi ya umarce su su mayar mata. Ina wannan, ina zuba guba a mushe ta kashe kura da dila da ungulu da karen makiyayi gaba ɗaya? Ina wannan, ina cinna wa daji wuta saboda gafiya?

Lissafin da ke gabanmu ba mai daɗi ba ne. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazuzzukan da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. A Nijeriya 'yan kaɗan ne a Yankari da Kainji. Giwayen Yankari, waɗanda ke cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Ɗan Bahaushe na yau ya san zaki a jikin tambari da kwalin kaya, ya san giwa a karin magana. In malaminsa ya kai shi Suratul Fil, sai dai ya nuna masa hoto a waya.

Don haka ga roƙona. Iyaye da shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, in hali ya samu kuma hanya na da lafiya, a kai yara Yankari tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi ke fitowa bakin Gaji. A ja masu kunne su riƙe abincinsu da kyau a gandun, don birran wurin ba su da kunya. Malamanmu masu wa'azi, a sa wannan magana cikin huɗuba da tafsiri. Sarakunan dawa da 'yan farauta, ku kuka fi kowa sanin daji, ku hana yaranku harbin mai ciki da mai shayarwa. 'Yan'uwa makiyaya, a bar sa guba a mushe. Mai sayen kan ungulu ya bari, in babu mai saye babu mai kisa. Wanda kuma ke da itacen da shamuwa ko ungulu ke sheƙa a kai, a gona ko a ƙofar gida, don Allah kada ya sare shi bana.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.